Da Gayya Aka Yi

Wata mota mai lasifika a ka ce ta tayar mini da wannan magana. Kwana da kwanaki tana zarya a gaban shagona na hatsi a Ƙafin Maiyaki, wani yaro a ciki yana tsaga maƙogwaro: a fito gayya, ɗan takara zai zo, kowa ya fito gayya. 'Yan acaɓa na biye da ita suna ta danna hon, don an yi musu alkawarin mai. Ina zaune a kan buhun masara ina jin su, raina yana ɓaci. Na tsufa, haƙora sun ƙare, kuma yawancin abin da ke tayar wa mutane hankali ni yanzu dariya yake ba ni. Amma wannan kalma, in na ji ta a bakin da bai san nauyinta ba, har yau ba na iya yi mata dariya. Ina tsaye a wurin ranar da aka sace ta, da kwandon marmara a kaina.

A ƙauyenmu, can kudu da nan inda duwatsu ke fara leƙowa, gayya ba taron kallo ba ce. Mutum ya ga aikin gonarsa ya fi ƙarfinsa, ko ciwo ya kwantar da shi har ciyawa ta riga shi, sai ya ɗauki goro ya bi gida gida. Ya yi sallama, in gidan babba ne ya durƙusa, ya ce ranar kaza ina da gayya. Ba a kama hannun kowa. Ka je ne don an gayyace ka, kuma don ka san ranar taka tana tafe. Tun jajibere gari zai ɗau luguden mata, ana surfen geron fura, Fulani suna shigowa da ƙoren nono, a ƙofar kowane gida kana jin ƙarar fartanya a kan dutsen washi. Gari na wayewa mai gayya zai riga kowa shiga gona, shi zai fara sara ko da kuwa da sanda yake tafiya, sannan maza su jeru kowa da kunyarsa, ganga ta tashi a bayansu. Kowane manomi yana da takensa, kuma yawanci gadon uba ne. In makaɗi ya buga taken gidanku yakan ɗan tsaya, ya bar maka fili ka ɗaga fartanya ka yi kirari. Wanda aka buga wa take ya yi shiru, kamar ya ce bai san ubansa ba ne. Manya sukan ce mana, in ba a dama fura ba, in mai gona bai fara sara ba, in kuma ba ranar ramawa, to ku kira abin da wani suna. Yanzu fa? Yaro ɗaya ya goya tankin feshi, ya toshe kunnuwa da waya, ya zagaye gona, ciyawa ta mutu. Ban ce feshi ba shi da amfani ba, ni ma ina sayar da maganin. Sai dai gona ta yi shiru, kuma ba wanda ke jiran ranar kowa.

Ƙanen mahaifina ne ya riƙe ni bayan mahaifin ya rasu. Sunansa Barau, amma gari duka Kofur ake ce masa, ni kuwa Baffa. An ɗebe shi soja yana saurayi, aka kai shi yaƙin Bama, can gaba da Indiya, ya dawo da ƙafa ɗaya ta gajarce, da wata tsohuwar rigar soja, da butar shayi. Shi ya fara dafa shayi a garinmu, a gindin tsamiya, mutane suna taruwa rabi don shayin rabi don labari. Ni a lokacin na fara tsayawa da ƙafata: jakuna biyu gare ni, ina ɗauko dawa daga ƙauyuka in kai kasuwa, in dawo da gishiri da kanwa. Shi ya sa yake kirana Mai Jaki, har ya mutu bai canza mini suna ba.

Akwai labarin da ya fi maimaitawa. Ya ce da aka kwantar da shi asibiti a ƙasar Indiya, gadonsa na kusa da na wani sojan Amurka, baƙin mutum kamarmu, direban babbar mota. Da Turancin bariki da nuni da hannu suka riƙa hira.

"Ashe su ma Amurkawan," in ji Baffa, yana fifita gawayi, "da can ƙarƙashin Sarkin Ingila suke. Haraji ya ishe su, suka ɗau bindiga suka kore shi. Kuna tsammani ya haƙura? Ina! Jirginsa na yaƙi ya tare jirgin fatakensu a tsakiyar teku, a jera ma'aikatan jirgin, a ce wannan namu ne, wancan ma namu ne, a kwashe su a sa su aikin dole. Kamar dai yadda aka yi mana. Sai ƙasar ta rabu biyu. 'Yan kasuwar bakin teku suka ce a lallaɓa, kada ciniki ya tsaya. Sauran suka ce a'a, a sake gwabzawa." Nan yakan nuna ni da cokali. "Mai Jaki da yana can, da yana cikin 'yan lallaɓa."

"Ƙwarai kuwa, Baffa," nakan ce. "In an yi yaƙi wa zai sayi dawa?"

"Ka ji ja'iri! To, an gwabza. Ingila ta ƙone gidan shugabansu ƙurmus, su ma suka yi mata ɓarna, a ƙarshe kowa ya gaji aka shirya. Sai na tambayi mutumin nawa, kai kakanka wane ɓangare ya bi, 'yan lallaɓa ko 'yan gwabzawa? Ya yi dariya har ɗinkinsa ya motsa. Ya ce kakansa yana gonar auduga, bawa ne, ba wanda ya tambaye shi. Ya ce mai jirgin ya tafi, mai bulalar bai je ko'ina ba."

Mukan yi dariya mu sha shayi. Ba mu san kanmu yake ba mu labari ba.

A shekarun nan ne siyasa ta shigo mana. Ana ta cewa Bature ya kusa tafiya, kuma jam'iyya biyu ce ta iso ƙauye: ɗaya ta masu rawani, ɗaya ta masu cewa talaka ma mutum ne. Baffa ya shiga ta biyun da ƙafarsa mai ɗingishi, kuma bai iya yin abu a ɓoye ba. Gindin tsamiya ya zama inda ake tambayar dalilin haraji, da dalilin da za a yi wa dagaci noma kyauta. Ni ban taɓa yankar katin kowa ba, ba kuma na jin kunyar faɗa. Masu rawani suna cin tuwo, 'yan hamayya suna cin tuwo, ni kuwa dawa nake sayarwa. Amma ina da ido. Na ga dagacinmu ya daina amsa gaisuwar Baffa, na kuma ga surukin dagacin yana yawan bi ta gefen gonarmu yana ƙare mata kallo. Gonar gado ce tun daga kakanmu, da itatuwan gawo a tsakiya da 'yar fadama a wutsiyarta, ba irinta a wannan gefen gari. Doka kuwa a lokacin ita ce, gonar da aka bari ciyawa ta cinye, mai ita ba ya nan, dagaci na iya cewa ta zama saura ya ba wanda ya ga dama.

Wata damina ruwa ya yi yawa, ƙafar Baffa ta kumbura, ciyawar harƙiya ta taso ta shaƙe dawa lokacin maimai. Ya ɗauki goro ya bi gida gida da sandarsa, kowa ya amsa. Matarsa, Inna Hanne, ta surfa gero, ta saro nono. Da safiyar ranar, muna washin fartanya, sai muka ji mai shela. Wai ruwa ya cinye hanya a wajen kwalbati, Baturen rangadi yana tafe, motarsa ba za ta wuce ba, don haka dagaci ya ce duk namiji mai lafiya ya fito gayya. Kwalbatin nan ya fi wata a karye, kowa ya sani. Ranar Baffa aka jira. Yaran dagaci suka bi lungu lungu da bulalar dorina, har makaɗin garinmu, tsoho Ɗan'azumi, aka tasa shi gaba da gangarsa, wai don aiki ya yi armashi. Haka muka wuce ta bakin gonar Baffa a jere, yana tsaye shi kaɗai a kan kunyar farko da fartanya a hannu, ba wanda ya iya ɗaga ido ya dube shi.

Muka wuni muna haƙar marmara muna ɗauka a ka. Ba fura, ba ko ruwa sai na kududdufi. Ɗan'azumi yana kiɗa, amma bai buga taken kowa ba, wani bugu ne kawai irin na tallar magani. Rana ta take sai ga Bature. Mai Lofe muke ce masa, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Ba mugu ba ne a fuska, ba ya zagi, ba ya duka. Yana jin Hausa irin ta littafi, kowace kalma a wanke tas, ba gishiri. Ya tsaya a inuwa tare da dagaci yana gyaɗa kai da kiɗa, yana murmushi.

Sai ga Baffa ya ɓullo ta kan hanya, sanye da rigarsa ta soja, yana jan ƙafa. Ya zo gaban Bature ya ƙame, ya sara masa. Mai Lofe ya ji daɗi, ya tambaye shi inda ya yi yaƙi, Baffa ya faɗa masa.

"Ranka ya daɗe, tambaya gare ni," in ji Baffa. "Wannan aiki da ake yi, mene ne sunansa?"

"Gayya ce, Kofur," in ji Bature. "Al'adarku ce mai kyau ƙwarai. Tun ina ƙasarmu na karanta labarinta. Gwamnati ba ta tilasta wa kowa. Dagaci ya yi kira, mutane sun zo da kansu."

"To wane ne mai gayyar?"

"Kowa da kowa. Hanya ta kowa ce."

"Allah ya ba ka nasara, duk cikinmu nan wa ke da mota?"

Bature ya yi dariya. Dagaci ya sunkuyo ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri da shi, tun da ya dawo daga yaƙi kansa ya ɗan taɓu."

"Kaina lafiya lau, ƙafa ce ta taɓu," in ji Baffa. "Ranka ya daɗe, ban ga fura ba. Ban ga ka fara sara ba. Amma tunda ka ce gayya ce, ai akwai ramawa. Ranar tawa za ka zo da fartanyarka? Yau ce ma ranar, in ka yi sauri za ka samu."

Mai Lofe ya cire lofe ya ƙyalƙyale, yana ganin barkwancin tsohon soja ne. Mu kuwa mun daskare da kwanduna a ka. Baffa ya kau da kai daga Bature, ya zuba wa dagaci ido, ya ɗaga murya yadda na can cikin rami ma zai ji.

"Na gane yanzu. Lallai da gayya aka yi wannan aiki."

Duk wanda uwarsa ta goya shi da Hausa ya ji abin da ya ce: da gangan aka yi, don mugunta, don a ƙuntata wa mutum ɗaya. Fuskar dagaci ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Amma Bature sai ya buɗe baki cike da fara'a.

"Madalla! Ka ji ko, Dagaci? Tsohon soja ma ya shaida da gayya aka yi."

Ya miƙa wa Baffa hannu, ya ba shi ɗan ƙullin taba, aka tura motarsa ta haye marmarar da muka zuba, ya tafi yana ɗaga mana hannu. Na tabbata har ya koma ƙasarsu yana ba da labarin ƙauyen da talakawa ke gyara hanya da kiɗa don ƙaunar gwamnati. Abin da ke ci mini rai da shi ke nan. Wanda ya zage ka ya san ya taɓa ka. Wannan ya koyi kalmar, ya koyi yadda ake furta ta, amma bai taɓa tambayar wa ke dama furar ba, don amsar za ta ɓata masa rangadi. Rashin saninsa ya yi masa daɗi, shi ya sa ya riƙe shi. Dagaci kuwa ya sani sarai. Uban dagacin ma da takensa, an sha buga masa shi a gonakin mutane.

Furar Inna Hanne ta yi tsami a ƙore, aka rarraba wa maƙwabta, saura aka zuba wa awaki. Ba a daɗe ba 'yan doka suka zo suka tafi da Baffa gaban alƙali, wai ya ci mutuncin hukuma a bainar jama'a. Mutumin da aka ce an ci wa mutunci ya yi masa musafaha har da kyautar taba, amma ba wanda ya kira shi shaida. Aka ɗaure Baffa aka wuce da shi birni. Da za a sa shi a mota ya hango ni, bai ce in kula da iyali ba, bai ce in yi addu'a ba.

"Mai Jaki," ya ce, "gonar."

Ni ba manomin kirki ba ne, igiyar jaki ta fi sanin hannuna da ƙotar fartanya. Na shiga ni kaɗai, in share nan, kafin in kai can nan ya sake rufewa. 'Ya'yan Baffa duk ƙanana ne, kuma mata. Surukin dagaci ya daina bi ta gefe, ya koma tsayawa a gindin gawo yana yi mini sannu da aiki. A gari kuwa raɗa ta bazu cewa duk wanda ya sa fartanya a gonar Kofur ɗan hamayya ne, kuma ya ga inda ake kai su. Na lura da abu ɗaya: raɗa ce, ba shela ba. Dagaci bai faɗa da bakinsa a fili ba, don ba ya so a ce ya hana taimakon mace da ƙananan yara. Kasuwa ta koya mini cewa mutumin da ke gudun faɗin farashi a gaban jama'a, a gaban jama'ar za ka tare shi. Na sayi goro mai kyau, na jira bayan sallar Juma'a lokacin da zaurensa ya cika, na tuɓe takalmi, na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ɗanka ne ya zo da goron gayya. Dawar iyalin Baffa ta shaƙe. Ba a fara gayyata sai an fara da uban gari."

Ya daɗe yana kallon goron. Liman na gefensa, dattawa na kallonsa.

"Kai ma ka shiga sahun baffan naka ne?"

"Ni sahun jakuna nake bi, ranka ya daɗe. Albarka kawai na zo nema."

"Allah ya ba da sa'a," ya ce, kamar ana zare masa haƙori.

Na bi gida gida ina cewa dagaci ya sa albarka, a gaban liman. Kowa ya karɓi goro, kowa ya ce Allah ya kai mu. Inna Hanne ta sake surfa gero daga ɗan abin da ya rage a rumbu, tana yi tana share ido da bakin zane. Ranar ta zo, na shiga gona na fara sara a madadin Baffa. Hantsi ya fito, ba kowa. Sai wasu samari biyu, 'ya'yan Bafulatanar da ke kawo mana nono, waɗanda ruga suke, ba ruwansu da zauren dagaci. Babban ya jingina da fartanyarsa ya dubi gonar wayam.

"Kaɗo, ina mutanenka? Ko duk sun tafi gyaran hanya?"

Muna cikin haka sai ga Ɗan'azumi yana tafe a hankali, ganga rataye a kafaɗa. Na tare shi na ce, "Baba, ka san abin da ake faɗa a gari."

"An ce kada a shiga da fartanya," ya ce. "Ka ga fartanya a hannuna? Tun ranar da na yi wa marmara kiɗa hannun nan ke mini ƙaiƙayi. Matsa mini."

Gonar ba ta da nisa da gari, iska kuma can take kaɗawa. Ya tsaya a gindin gawo ya buga taken Sarkin Noma, ya kai inda ake tsayawa, ya tsaya. Shiru. Ya sake bugawa, ya sake tsayawa. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba, fili ne aka bar wa mutum ya amsa sunan ubansa, mutumin yana ɗaki yana ji. Ya bar shi ya koma taken gidan maƙera, ya tsaya. Ya buga na gidan wanzamai, ya tsaya. Haka ya riƙa bin gari gida gida da ganga, kamar yadda na bi da goro. Daga baya na ji abin da ya faru a cikin gidajen. Mata ne suka ajiye taɓarya. Wata ta leƙa ɗaki ta ce, "Malam, wannan ba taken babanka ba ne? Ko in ɗaura ɗamara in je in amsa maka?" Wata ta ɗauko fartanyar mijinta ta ajiye masa a kan tabarma.

Ɗan'azumi ya dawo kan taken Sarkin Noma. Bai kai ƙarshe ba sai ga mutumin ya keto ta cikin dawa, ba hula, ido jawur.

"Ɗan'azumi, Allah ya isa tsakanina da kai! Ka tono mini uba daga kabari, ka tsayar da shi a rana!"

Ya ɗaga fartanya sama ya yi kirarin gidansu da wata murya kamar mai kuka, ya faɗa kunya ya fara sara. A bayansa maƙera suka shigo, sannan wanzamai, sannan wasu ɗaya ɗaya, kowa yana zuwa yana zagin makaɗin yana kama kunya. Ba duka suka zo ba. Akwai waɗanda aka buga wa take har ganga ta gaji ba su fito ba, na san su, na ci gaba da sayar musu da dawa har suka mutu, ba su ƙara haɗa ido da ni ba. Amma waɗanda suka zo sun isa. Kafin la'asar harƙiya ta kwanta, dawa ta sha iska, aka zauna a inuwar gawo aka shanye furar Inna Hanne tas. Gonar da rabin gari ya nome da rana tsaka, da albarkar dagaci a gaban liman, ba mai iya cewa ta zama saura. Surukin bai sake tsayawa a gindin gawo ba.

Ba su bar mu haka ba. Ba su iya ɗaure rabin gari, sai suka nemi wanda ya fi sauƙi. Yaran dagaci suka je gidan Ɗan'azumi, wai kiɗansa yana tayar da fitina, suka sa wuƙa suka tsarge fatar gangar gaba da baya, suka fasa icen a kan dutse. Gangar kakansa ce. Na ce zan nemo masa wata a kasuwar Tudun Wada, ya ce in bar shi, sabuwar ganga ba ta san taken kowa ba. Bai sake kiɗa ba, ɗansa kuma ya tafi haƙar kuza bai koya ba. Daga wannan shekara, in mutum ya yi sallama ya ce gayya, abin da ake fara tambayarsa shi ne, ta gona ko ta hanya? Samari suna jin kalmar su shige cikin dawa su ɓuya. A hankali mai goro ya daina bin gidaje, don kunyar a gudu daga gare shi. Masu cewa injin huɗa da maganin feshi ne suka kashe gayya ba su san komai ba. Gawarta suka tarar.

Baffa ya dawo bayan girbi, ya rame, yana wani tari da bai rabu da shi ba. Ya tsaya a gaban dammunan dawa ya ƙare musu kallo, sannan ya ce, "Ashe 'yan lallaɓa ma suna da rana." Wannan ce kaɗai godiyar da ya yi mini, kuma ta ishe ni. Da ya ji labarin gangar, ya tafi gidan Ɗan'azumi da butarsa, suka zauna suka sha shayi. Ya rayu har ya ga tafiyar Bature. Ranar da aka ce an sami mulkin kai, ɗan dagaci ne, cikin babbar rigar jam'iyya, ya sa aka yi shela a fito gayya a share filin biki, yaran gidansu na biye da dorina ɗin nan dai. Baffa yana gindin tsamiya yana fifita gawayi. Ya dube ni ya ce, "Mai Jaki, mai jirgin ya tafi." Bai ƙarasa ba, ni ma ban ce ya ƙarasa ba.

Gonar tana nan, ni nake riƙe wa jikokinsa. Hanyar da muka ɗauko wa marmara an zuba mata kwalta, ta bi ta gefenta, yanzu kuma da aka kwashe amfani fili ne shimfiɗaɗɗe a bakin titi. Shi ya sa shekaranjiya motar lasifikar ta tsaya a ƙofar shagona. Samari suka sauko, shugabansu mai ladabi ne, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba Alhaji, barka da kasuwa. Alfarma muka zo nema. Filin nan na bakin titi muke so a ara mana, mu kafa rumfuna ranar gayyar mai gida."

"Gayya za a yi? To madalla. Wa zai dama fura?"

Ya yi dariya. "Baba, ai akwai lemon kwalba da shinkafa a roba."

"Mai gidan naku shi zai fara sara?"

"Sara kuma? Jawabi zai yi, Baba."

"To in damina ta faɗi, ciyawa ta shaƙe dawar nan, zai zo da fartanyarsa?"

Ya waiga ya dubi 'yan'uwansa, suka yi irin murmushin da ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa. Na san murmushin, na taɓa ganinsa a bakin wani mai lofe. Na ce masa filin ba na aro ba ne. Ya roƙa, ya ambaci sunayen manya, ya ce ba za a manta da ni ba in an ci zaɓe. Na ci gaba da ɗinke bakin buhu. Da ya ga ba hali, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ladabin ya ɗan zame.

"Haba Baba Alhaji, fili na zaune ba abin da ake yi da shi. Wallahi da gayya kake mana haka."

Wannan ma'anar kaɗai ta rage musu, kuma a wannan karon ya faɗe ta daidai.

"Ƙwarai kuwa, yaro," na ce. "Da gayya."